Kube

A Kasuwar Dole, bayan azahar,
a rumfar Mutari mai kayan kwamfuta,
akwati biyu na zaune kan teburi guda
kamar 'yan'uwan da rabon gado ya raba.

Baƙin, jaka goma sha biyu.
Na ƙwanƙwasa shi, ya amsa mini
da muryar gwangwanin tumatir.
Farin, gilashi ne a haƙarƙarinsa,
fanka uku, kowace da fitilarta,
jaka arba'in da biyar,
"don kai ne, in sauke dala ɗari."

Kayan cikin suna gida, a kwalin sabulu:
allon da ake ce wa uwa, da ƙwaƙwalwa, da rumbu.
Wata bakwai ina tara su
daga buga wa ɗalibai kundin kammala karatu,
dala ashirin kowane shafi.
Ɗakin da za su kwana kawai ya rage.

Mutari ya ce araha ba ta ado.
Na ce ai ba biki za ni ba.
Ya ce, "Lawali, bazara nake jiye maka,
watan da duwatsun Birni
ke ƙona tafin ƙadangare.
Na'ura ma numfashi take.
Kulle ta cikin wannan, ka ji haki."

Na zura hannu cikin baƙin.
Bakin ƙarfen ya gaishe ni
a ɗan yatsan da nake buga wasali da shi.
Jini kaɗan. Na tsotse.
Mutari ya kalli titi, bai ce na gaya maka ba.

Sai babana ya faɗo mini,
baduku ne a Zango, shekara arba'in.
Ba ya yaba jaka sai ya juya cikinta waje
ya bi ɗinkin da farce.
Yakan ce kube ba ya yanka komai,
amma je ka tambayi wuƙar da ba ta da shi.

Na juya farin, na bi shi da farce.
An lanƙwashe kowane baki kamar kalmasar riga,
an yi wa wayoyi lungunsu,
iska na da ƙofar shiga da ta fita.
Gaskiya ɗaya ce: ya fi.
Ban sami abin kushewa ba, kuma na nema.

To amma famfonmu kwana tara bai yi tari ba,
mai ga-ruwa yana bi na kura shida.
Zuwera tana matse ido in za ta karanta allo,
likita ya rubuta tabarau tun watan jiya.
Fitilun nan kuwa,
wa za su haska in an ɗauke wuta?

Na ƙirga sha biyu.
Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na rungume shi a bayan kabu-kabu
har rumfar Kiyari maƙeri.
Ya goge masa haƙora da zarto,
ya huda masa huji ashirin da uku a gefe,
babu biyun da suka yi sahu.
Na ɗaura masa tsohuwar fanka da waya.

Daren farko ya tashi, ya yi aiki,
sai dai yana karkarwa,
zirrr, kamar ƙudan zuma a cikin langa.
Habsu ta juya ta ce ko ni ko shi.

Na lalubo jakar kayan aikin babana,
na sami guntun jar fatar akuya
mai sawun basilla uku.
Na ninka biyu, na cusa tsakanin murfi da jiki.
Ya yi shiru.
Ba duka ba.

Farin yana nan har yanzu, na gan shi Alhamis.
Na gaida Mutari daga kan hanya.
Yatsan ya warke,
sai in aiki ya kai ni shafi na talatin
yake ɗan yi mini magana.